Ku daina kiran ta gasar girki in kuɗi ne alƙali

Mako uku ke nan ina haɗiye wannan magana, na ga in ban fitar da ita ba za ta zame mini ciwo. Na shiga gasar girki a nan Birnin Kebbi, kuma abin da aka yi mana, ni da sauran matan da suka shiga, zalunci ne tsagwaronsa. Ba zan kama sunan masu shiryawa ba. Sun san kansu, matan da muka wuni tare a rana su ma sun san su.

Ni ban yi makarantar koyon girki ba. A gindin murhun mahaifiyata na koya, a Argungu, tun ina 'yar ƙarama ina riƙe mata muciya. Yanzu ina aure a Badariya, kuma in maƙwabta suna da suna ko walima ni ake kira in tsaya kan tukunya. Da sanarwar ta fara yawo a WhatsApp cewa za a yi gasar abincin gargajiya domin matan gida, ƙanwata ce ta turo mini, ta ce, "Yaya, wannan taki ce." An rubuta cewa ta ɗaya za ta samu kuɗi da firiji, ta biyu injin markaɗe, ta uku tukunyar gas. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa wuta da ruwa da teburi suna wuyansu, ke dai ki zo da kayan girkinki. Kuɗin fom naira 10,000. Sai da na kwana biyu ina lallashin maigida kafin ya amince, don ba ya son harkar taro, kuma daga kuɗin adashena na zare na biya.

Duk macen da ke cefane ta san yadda kasuwa ta koma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce tallafin fetur ya tafi. Duk da haka ban yi ƙwauro ba. Tuwon shinkafa da miyar sure na zaɓa, abin da muka tashi da shi. Na sayi shinkafar tuwo 'yar gida, busasshen kifi na Yauri, albasar Aliero, gyaɗa, tarugu da man shanu. Daddawa kuwa ban yarda da ta kasuwa ba. Inna ce ta aiko mini da tata, wadda ta dafa kalwarta da hannunta, ta haɗo da tukunyar ƙasa da take miya a ciki tun kafin a haife ni. Ta ce, "Miyar sure ba ta son ƙarfe, ki yi ta a nan, ki dawo mini da abata."

An ce ƙarfe takwas. Bakwai da rabi ina bakin ƙofa da kayana a keke. Ba a buɗe wurin ba sai bayan ƙarfe goma. Da muka shiga, mu ashirin da huɗu, murhun gas shida muka tarar. Ruwa babu ko ɗigo, sai da muka haɗa kuɗi aka kira 'yan ga-ruwa. Mu da ba mu samu gas ba aka ce mu fita fili mu nemi gawayi, ga hunturu, ga iska tana watsa mana ƙura da toka. Rumfa ɗaya ce tak, ita ma an jera wa manyan baƙi kujeru a ciki, kujerun suka wuni babu kowa a kai, mu muna rana.

Sai aka ce awa ɗaya da rabi ce ga kowa, kuma komai a gabansu za a fara. Na nuna musu shinkafata da na jiƙa tun asuba, aka ce an haramta, in zubar ko in fita. Haba jama'a! Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tukunyar tuwo ya san shinkafa sai ta sha ruwa, ta dahu ta yi luguf, a tuƙa, a rufe ta turara, a sake tuƙawa, sannan a kwashe da mara. Ba a yi mata gaggawa, in kin yi mata gaggawa za ta ba ki tuwo mai tsakuwa a ciki. Na haƙura na auno sabuwa na wanke. Ina ɗago kaina sai na hangi mata uku da aka ba murhun gas kusa da rumfa suna buɗe kuloli, kayan miya a markaɗe a soye, nama a tafashe. Na yi wa yarinyar da ke kula da mu magana, na ce, "Ƙanwata, su waɗancan fa?" Ta ce ita ba ta da hurumi a kansu. Tun daga nan jikina ya ba ni da walakin, goro a miya.

Duk da haka na yi girkina, kuma na yi shi da zuciya ɗaya. Na tafasa suren na tsiyaye ruwan farko don tsaminsa ya sassauta. Na gyara kifin da ruwan zafi, na zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Na daka gyaɗa da daddawa da tarugu a ɗan turmina, na zuba a tukunyar Inna, na bar ta a kan garwashi tana ɓararraka a hankali har mai ya taso. Matar da ke gefena ta juyo ta ce ƙamshin ya tuna mata da kakarta. Ana cikin haka aka zo aka ajiye wa kowa dunƙulen ɗanɗano na kamfanin da ya ɗauki nauyi, aka ce dole a saka, dole kuma a ɗaga ledar sama mai kyamara ya ɗauka. Miyar da ke da daddawar kalwa da kifin Yauri me za ta yi da wannan? Kun ce gasar abincin gargajiya, sannan kun tilasta mana mu sa wa miya ashirin da huɗu baki ɗaya.

Ƙarfe biyu muka kwashe. Aka ce kada wadda ta rufe abinci, masu hoto suna aiki. Aka ce a jira babban baƙo. Muka yi azahar, muka yi la'asar, abinci yana buɗe a iska, muna korar ƙudaje da faifai. Tuwona da na mulmula yana sheƙi ya yi ɓawo ya sandare. Man shanu ya kwanta a saman miya ya yi fari. Wallahi ina kallon kwanon nan ina jin kamar in fashe da kuka, domin abincin da na dafa ya riga ya mutu kafin kowa ya taɓa shi.

Bayan ƙarfe biyar alƙalai uku suka fara zagayawa. Ɗaya waya ce a hannunsa yana ɗaukar kansa. Ɗaya ta tsoma bakin cokali a miya, ta lasa, ta wuce. Na ukun ya danna tuwon da cokali mai yatsu ya ce, "Hajiya, tuwonki ya yi tauri, kuma babu ado." Na ce, "Ranka ya daɗe, tun ƙarfe biyu na kwashe shi." Bai ko dube ni ba. Wane ado ake yi wa tuwo bayan malmala mai kyau da man shanu? A teburin matan rumfa kuwa suka daɗe, ana yaba soyayyar shinkafar waje da aka yanka wa karas da kokwamba kamar fure. A Kebbi fa! Jihar da a nan Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a watan Nuwamba na 2015, jihar da ta haɗa hannu da Legas aka fitar da shinkafar Lake Rice a 2016, jihar da fadamarta daga Argungu har Suru shinkafa ce. A nan ne za a kira gasar gargajiya a raina shinkafar gida.

Ban ma san ba a fara cutar ba tukuna. Da magariba ta kawo jiki mai sanarwa ya ɗauki lasifika ya ce makin alƙalai wani ɓangare ne kawai, sauran jama'a ne za su zaɓa, ƙuri'a ɗaya naira 100, a tura ta wani asusun banki, za a rufe bayan mako guda. Fom ɗina yana nan a jakata har yanzu, babu inda aka rubuta wannan. Wace jama'a ce za ta zaɓi abincin da ba ta ɗanɗana ba? Mutumin da ke Kano ko Abuja yana danna waya, ta yaya ya san gishirin miyata? Wannan ba zaɓe ba ne, karɓar kuɗi ne daga dangin mata. Yayana ya tura, ƙawayena suka tura, ƙanwata ta cire daga kuɗin makarantarta ta tura ba tare da ta gaya mini ba. Kullum da dare a liƙa jerin sunaye da lambobi, ba rasit, ba wanda ya ga lissafi, a ƙara da cewa saura kaɗan ki kamo ta gabanki. A kwana na uku na roƙi kowa nawa ya daina, don na gane rijiya ce marar ƙasa.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba nawa ba ne. Akwai wata dattijuwa da ta zo daga Jega, mai sayar da waina, ta ce ta fi shekara talatin a bakin tanda. Jikanta ne ya biya mata kuɗin fom. Ta yi waina da miyar taushe, kuma ni da na ci na san babu wadda ta kama ƙafarta a filin nan, har da ni. Wainar ta tashi, cikinta kamar soso, gefenta ya yi ja bai ƙone ba. Da aka tashi, masu gadi da masu ɗaukar kujeru teburinta suka yi wa dafifi har suka suɗe tukunya. Da aka yi sanarwar ƙuri'a ta kamo hannuna ta ce, "'Yata, ƙuri'ar mece ce kuma? Ba sun ci ba?" Na rasa abin da zan ce mata. Ƙaramar waya ce a ɗaure a bakin zanenta, ba ta da Facebook, ba ta da masu bibiya. Da sakamako ya fito ita ce ta biyu daga ƙasa. Ku ji tsoron Allah. Kun karɓi kuɗin tsohuwar nan kuna sane cewa ba ta da hanyar ci.

Kada wani ya ce mini haka gasa take. Ni 'yar Argungu ce, na san gasa. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a garinmu, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora a lokaci guda, su fito a lokaci guda, a ɗora kifi a kan sikeli a gaban sarki da talaka. A 2020 giwan ruwan da ya ci kilo 78 ne, kowa ya gani da idonsa. Ba a tambayi masuncin mutum nawa ke bin sa a intanet ba, ba a ce danginsa su tura kuɗi kifin ya ƙara nauyi ba. Ko Hilda Baci, wadda tun bayan girkinta na Legas a watan Mayun 2023 kowa ya tashi da zazzaɓin gasar girki, awa 100 ta yi a tsaye, amma masu kundin bajinta na Guinness suka duba ƙa'ida, suka ga an yi kuskure a lissafin hutunta, suka rubuta mata awa 93 da minti 11. Dokar a rubuce take tun kafin a kunna wuta, kuma ta hau kan shahararriya kamar yadda za ta hau kan kowa. Ku kun kwaikwayi hular girki da kyamara da kiɗa, kun bar gaskiyar a can.

Ba na jin haushin wadda ta zo ta ɗaya. Ita ma an cuce ta. Da bakinta ta faɗa mana cewa abin da danginta suka zuba a ƙuri'a ya kusa kuɗin kyautar, kuma har yau babban kwalin nan da aka rubuta adadi a kai aka ɗauke ta hoto da shi, shi kaɗai ne a ɗakinta. Ba kuɗi, ba firiji, kullum "ana kan shiri". Da na yi tambaya a zauren WhatsApp ɗin, cikin ladabi, cewa a nuna mana makin alƙalai da lissafin ƙuri'u, sai aka kulle zauren, bayan minti kaɗan aka cire ni.

Sannan ga bidiyo. Kwana huɗu bayan gasar maigida ya shigo ransa a ɓace, ya miƙo mini waya. Ga ni nan, fuskata a fili, ina ɗage da ledar ɗanɗano, an sa kiɗa an mai da ni talla. Ba a nemi izinina ba, ba a nemi nasa ba, ba a biya ni ko sisi ba. Matar aure ce ni, ina da surukai, ina da 'ya'ya. Mutumin da na lallasa ya bar ni na fita, da wane ido zan sake tambayarsa? Akwai matan da wannan bidiyon ya jawo musu rigima a gidajensu fiye da tawa, kuma masu shiryawa suna can suna tallan zagaye na biyu.

Tukunyar Inna ma ba ta dawo ba. A ranar aka bi tebur-tebur aka karɓi tukwanen ƙasa da akusa da faya-fayai, wai za a jera a ɗauki hoto a dawo da su. Na je ofishinsu sau uku. Na farko aka ce mai makullin ba ya nan, na biyu aka ce an kai kayan wani wuri, na uku wani yaro ya dube ni ya ce, "Hajiya, a kan tukunyar ƙasa kike wannan zaryar?" Eh, a kanta nake yi. Jiya Inna ta kira ta tambaye ni, na ce mata tana nan tafe, kuma ban saba yi wa mahaifiyata irin wannan maganar ba.

Mu tara muka haɗa kai yanzu, har da jikan dattijuwar Jega. Kowa ta adana fom ɗinta da shaidar tura kuɗi. Muna so a cire fuskokinmu daga tallan nan, a mayar wa danginmu kuɗin ƙuri'ar da ba ta cikin yarjejeniya, a ba waɗanda suka ci kyautarsu, a fito mana da kayanmu. Ranar Litinin ƙarfe tara muna bakin ofishin, kuma in an sake ce mana mai makulli ba ya nan, daga can wurin hukuma za mu wuce da takardunmu a hannu.