Hamilton bai ƙare ba

Wai wani rahoto cewa yake zamanin Lewis Hamilton a tseren motoci na Formula 1 ya wuce, direba Max Verstappen ya gaje shi. Haba malam! Mutumin da ya ci kambun duniya sau 7, daidai da tsohon gwanin tseren, Michael Schumacher? Har gobe abin da aka yi a Abu Dhabi a 2021 yana ci mini rai: tseren na hannunsa, aka janye motocin da ke tsakaninsa da Verstappen, Verstappen ya zo da sabbin tayoyi ya wuce shi a zagayen ƙarshe. Mu nan Mabera a Sakkwato sai mun roƙi mai gidan kallo kafin ya sauya mana tasha daga ƙwallo zuwa tseren motoci. Verstappen gwani ne, ban musa ba, amma bari Ferrari, ƙungiyar da Hamilton ya koma a 2025, ta ba shi mota mai gudu tukuna.