Ba kowace kwata ce ke buƙatar siminti a Zariya ba

Duk damina, musamman a watan Agusta, ruwan da ke sauka daga rufin kwano da kan kwalta a Samaru da Palladan yakan kwashi yashi, baƙin mai da kashin dabbobi ya nufi kogin Kubanni. Kwatar siminti ba ta tace komai, sai dai ta ƙara wa ruwan gudu ta juye wa mutanen gangare. An daɗe ana kukan cikewar madatsar ruwan Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke kan wannan kogi, da laka, kuma wani ɓangare na lakar daga unguwanni yake zuwa.

A ganina, inda akwai fili, magudana mai ciyawa ta fi. Rami ne mai faɗi marar zurfi da aka shuke da ciyawa, ruwa ya riƙa bi a hankali, datti ya kwanta, wani ruwan ya nutse ƙasa.

Aikin duk yana ga awo. Faɗin gindinta ya kasance tsakanin santimita 60 da mita 2, a baje shi sumul, don in an bar kwari a tsakiya ruwa zai tattaru nan ya yanka hanya. Gefuna su kwanta: duk zurfin taku ɗaya a ba shi faɗin taku uku. A tsawon mita 100, gangaren ya sauka mita 1 zuwa 2. In ya kai mita 4, a jera duwatsu a gicciye jefi-jefi su karya ƙarfin ruwan. A zuba tsakuwa a mashiga, wurin da zaizaya ke farawa.

Ƙasarmu ce matsalar farko. Jar ƙasa mai laka, wani wurin da marmara a ƙarƙashi, ba ta shan ruwa da sauri. A gwada tukuna: a haƙa rami, a cika shi da ruwa, a ga yadda zai janye. Magudanar da ta riƙe ruwa fiye da kwana biyu ta kama hanyar zama gidan sauro, don haka a gauraya ƙasar da yashi da taki, ko a binne bututu mai huji cikin tsakuwa a ƙasanta. Kada a sako mata ruwan wanka da wanke-wanke, zai hana ta bushewa.

Ciyawa kuwa sai mai jure rani na wata shida. Kiri-kiri ya dace da gindi, jema a gefe saboda saiwarta na nutsawa sosai. A dasa da ruwan farko, a Mayu ko Yuni, ta kama kafin marka. Wanda ya jira Agusta, ruwa zai tafi da ciyawar har da kuɗinsa. Awaki ma ba za su raga mata ba, sai an kewaye ta a shekarar farko.

Ban ce a kai wannan magudana cikin ganuwa ba. Lungunan birni sun yi ƙunci, kuma danshi kusa da katangar ƙasa haɗari ne. Ko ginin bulo a ba shi tazarar mita 3. Wurinta harabar makarantu, asibitoci da sabbin unguwanni da ake yanka filaye. Duk mai tsara ta kuma ya rubuta tun farko wanda zai riƙa tsince leda, ya kwashe yashin mashiga, ya sassabe ciyawar ta tsaya kan santimita 10 zuwa 15.