Ni da laimar kwaɗi a saman Mambila

Daminar bara na raka wani abokina biki Gembu, can saman Mambila inda sanyi ke sa Bakano ya nemi bargo da azahar. A lokacin kuma wata cuta ta kama ni ta ɗaukar hoton laimar kwaɗi, na sauke wata manhaja a waya wai kana haska abu ta faɗo maka sunansa da Latinanci, shikenan na fara jin kaina farfesa.

Washegarin biki na matsa sai an kai ni dajin Ngel Nyaki wajen ƙauyen Yelwa. Hazo ko'ina, ƙasa jagab. Masana harkar suna cewa hoton saman hular bai isa ba, sai ka ɗauko ƙarƙashinta da ƙafar har gindi, to ni da ba na wasa da ilimi ina hango wasu ƴan jajaye jikin ruɓaɓɓen icce sai na kwanta rub da ciki da sabuwar shaddata ina gyara kyamara.

Ashe kan layin kwarkwasa na kwanta.

Wallahi halittun nan suna da shugabanci, ba wadda ta cije ni sai da suka gama hawa har wuya, sannan kamar an busa musu usur. Mai rakiyarmu yana ihu "Malam tuɓe wandon! Tuɓe kawai!" ni ina tsalle ina salati, na tuɓe kuwa, ɗagowar da zan yi sai ga matan Fulani uku ɗauke da ƙoren nono sun tsaya suna kallon ikon Allah.

Duk da haka ban dawo hannu rabbana ba, a hanya na tsinko wata ƙatuwar farar laimar kwaɗi a makiyaya, na ce yau akwai miya. Manhajar da ta samu netwok sai ta ba ni suna uku in zaɓa, kamar ni na zo koya mata. Kakar abokina ko taɓawa ba ta yi ba.

"Ɗan nan, a kan suri ka samo shi?"

"A'a Iya, cikin ciyawa."

"To fitar min da shi daga madafi."

Wanda suke ci, gara ce ke noma shi a cikin suri, yana da doguwar saiwa kamar wutsiyar ɓera da ke nutsewa har gidan garar. Nawa ba shi da ita. Don taurin kai na yanke hular na kifa kan farar takarda na rufe da kwano, da safe garin da ya zubo kore-kore. Chlorophyllum molybdites kenan, mai sa amai da gudawa, kuma gidan bikin bayi ɗaya ne.

Hotunana na dajin duk babban yatsana ne da ganye. Wanda ya fita tar shi ne bidiyon da abokina ya ɗauka, har yau a guruf ɗin WhatsApp Farfesa Kwarkwasa suke ce min.