Jakar waye wannan?

Duk wanda ke kwana a Mararaba yana aiki a cikin Abuja ya san bas ɗin asuba: mutum kan mutum, ko numfashi sai ka nemi izinin maƙwabcinka. Ranar nan na samu kujerar baya, ina miƙe ƙafa sai na ji na daki wani abu. Jakar Gana-mas-go ce, cike dam, an ɗaure bakinta da igiyar roba.

"Jama'a, jakar waye wannan?" Shiru. Na ƙara ɗaga murya. Wani mai kwat ya leƙo ya ce ba tasa ba ce, sannan ya ɗora ƙafafunsa a kanta ya ci gaba da latsa waya.

To ni dai ban manta da Nyanya ba. Ranar 14 ga Afrilu 2014 bam ya tashi a tashar motar Nyanya da sassafe, mutum fiye da 70 suka rasu, ranar 1 ga Mayu wani ya sake tashi kusa da wurin. A lokacin ko leda aka gani yashe a bakin titi sai kowa ya ranta a na kare. Yanzu ga mu muna dosar gadar Nyanyan da jaka marar uwa marar uba, kuma duk motar ni kaɗai ke gumi.

Wata Hajiya ta ce, "Ɗana, kwantar da hankalinka. In kwana ya ƙare, ko a kan gadonka kake sai ka tafi." Na ce, "Haka ne Hajiya, amma ni na fi son gadon." Wani dattijo ya sunkuya ya shinshina, ya yanke hukuncin cewa daddawa ce, wai bam ba ya wari haka. Allah kaɗai ya san inda Baba ya taɓa shinshina bam. Kwandasta kuwa abu ɗaya ya dame shi, mai jakar bai biya kuɗin kaya ba.

Muna shiga cunkoson Kugbo na ce a buɗe mini ƙofa, na dira. Na taka da ƙafa har shataletalen AYA ina hamdala, sai a nan na ji kafaɗata sakayau. Jakata, da takardun ofis da kwanon abincina, tana can kan kujera.

Bayan magariba na gano motar a Mararaba. Ga jakata a inda na bar ta, ga Gana-mas-go a ƙasanta, daram. Na nuna ta da yatsa daga nesa.

"Wannan? Ai tun makon jiya take nan, Oga, muna jiran mai ita," in ji kwandasta. Na miƙa hannu zan ɗauki tawa ya dafe. "Taka fa kujera guda ta cinye tun safe, ba wanda ya ko matsar da ita. Zuwa da dawowa za ka biya."