Injiniya, digirinka kaɗai ba zai ba ka NIW ba

Duk injiniyan da ke bincike a jami'a yana hangen Amurka ya ji labarin NIW (National Interest Waiver, wato yafe sharaɗi saboda amfanin ƙasa), hanyar nan ta rukunin EB-2, na masu babban digiri ko ƙwarewa ta musamman, da mutum zai nemi izinin zama na dindindin da kansa, ba sai wani kamfani ya tsaya masa ba, ba sai Ma'aikatar Ƙwadago ta tabbatar babu Ba'amurken da zai iya aikin ba. Ka cike fom I-140, ka biya kuɗi, ka jira USCIS, hukumar kula da baƙi da zama ɗan ƙasa ta Amurka. A baki kam abin ba wuya.

Inda nake ganin mutanenmu ke yin tuntuɓe shi ne ɗaukar abin kamar neman ƙarin girma a jami'a, a tara satifiket, a lissafo maƙalu, a ƙirga sau nawa aka ambaci aikinka, shi kenan wai an gama. Ai ba haka jami'in USCIS yake karantawa ba. Tun Disamba 2016 ma'aunin da ake bi shi ne hukuncin da aka yanke kan buƙatar wani mai suna Dhanasar, wanda ya maye gurbin na 1998, kuma abu uku yake tambaya: aikin da za ka yi yana da muhimmanci ga ƙasar baki ɗaya, kai ne ke da halin ciyar da shi gaba, sannan gara Amurka ta yafe maka sharaɗin samun aiki.

Abin da ba a cika faɗa ba, shi kansa Dhanasar ɗin injiniya ne mai bincike kan injinan jirage masu gudun da ya ninka na sauti, kuma yana koyarwa a jami'a a North Carolina. Binciken aka amince yana da muhimmanci ga ƙasa saboda tsaro da harkar sararin samaniya, koyarwar kuwa aka ce tana da kyau amma ba a nuna tasirinta ya kai wannan matakin ba. Mutum ɗaya fa, digiri iri ɗaya. To kai da ka rubuta “zan yi aikin injiniyan lantarki, lantarki kuma yana da amfani”, me ka faɗa? Kowa ya san yana da amfani. Wace matsala takamaimai, wa ke amfani da sakamakonka, wa ya zuba kuɗi a binciken, nan ne maganar take, kuma wasiƙa ɗaya daga masanin da bai taɓa zama malaminka ba amma ya yi aiki da bincikenka ta fi tarin yabon abokai.

Shi ya sa ejan-ejan ɗin nan masu sayar da rubutacciyar takarda a canza suna kawai suke ba ni haushi, wallahi asarar dala ce, kuɗin fom ɗin ma ya koma dala 715 a Afrilu 2024 banda wata 300 da mai nema wa kansa ke ƙarawa.

Sannan amincewa da I-140 ba katin zama ba ne. Akwai layin biza, don bizar zama ta ma'aikata wajen 140,000 ce a shekara ga duniya gaba ɗaya, 'yan Indiya da Chaina su suka fi shan jira. Ga kuma siyasa, a 2025 gwamnatin Trump ta sa Chadi da Sudan, daga baya Nijar da Najeriya, cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza. Wanda ke gida sai ya fara bincika matsayin ƙasarsa wurin lauyan shige da fice na gaske kafin ya saki ko sisi.