Gidan cacar Bronx: ƙannena, daga aljihun wa kuɗin zai fito?

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana mazauna New York, na Nima da na Zangon Kumasi, na Maradi da na Kano, masu tuƙin tasi da masu kai saƙon abinci a kan keke, masu gadi da masu kula da tsofaffi a gidaje. Maganar gidan cacar da kamfanin Bally's ke son ginawa a Ferry Point, daf da gadar Whitestone, ta shigo majalisunmu, kuma abin da nake ji daga bakin wasunku ya hana ni yin shiru. Wani ya ce ai alheri ne ya zo har ƙofar gida. Wani ya ce fasinja za su yi yawa. Wani kuma ya ce shi ba ruwansa, tunda ba ya caca. Dukkanku ina son ku ba ni aron kunnuwanku.

Ba zan ɓoye abin da masu son ginin ke faɗa ba, domin ba duka ne ƙarya ba. Aikin na kimanin dala biliyan 4 ne, da otal da wuraren cin abinci da zauren taro. Magina za su samu aiki na wasu shekaru. Ma'aikatan otal da gidajen caca a wannan birni suna da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, albashinsu ya fi na yawancin ayyukan da mu ke yi, ga inshorar lafiya. Kuɗin lasisi kaɗai bai gaza dala miliyan 500 ba, an kuma ce zai tafi ga hukumar MTA mai kula da jiragen ƙasa da bas-bas da muke shiga kullum. Wanda ke da iyali, yana biyan haya a Bronx, idan ya ji wannan lissafi dole ransa ya biya. Ban ga laifinsa ba.

Amma tambaya ɗaya nake so ku riƙe: duk wannan kuɗi, daga aljihun wa zai fito? Gidan caca ba ya noma, ba ya ƙera komai, ba ya sayar da abin da za ka ɗauka ka kai gida. Abin da yake kira riba shi ne abin da mutane suka shiga da shi suka fito babu. Albashin ma'aikaci, harajin gwamnati, kuɗin masu hannun jari, fitilun da ke ci dare da rana, duk daga asarar 'yan caca ake biyansu. In aka ce maka gidan zai samu ɗaruruwan miliyoyi a shekara, to an gaya maka adadin da jama'a za su rasa ke nan a shekara. Kuma ba sa'a ba ce ke tafiyar da abin, lissafi ne. Ku ɗauki faifan nan mai juyawa da ake jefa wa ƙwallo. Irin na Amurka gurbi 38 gare shi, amma in ka ci, ninki 35 ake biyanka. Wannan ɗan bambanci yana nufin a kowace dala 100 da aka zuba, gida na riƙe da dala 5 da 'yan kai. Mutum ba sau ɗaya yake zubawa ba. Abin da ya ci shi yake mayarwa, ya sake mayarwa, har gida ya gama tsince shi. Injinan da ake danna wa maɓalli, waɗanda su ne suka fi kawo wa gidajen kuɗi, su ma tun daga masana'anta aka saita kason da za su riƙe.

To su waye za su yi wannan asara? A nan ne gardamar take. Las Vegas a tsakiyar hamada take, baƙi ne ke hawa jirgi daga nesa su je su zubar da kuɗinsu su koma, garin ya ci moriya. Gidan cacar da aka dasa cikin unguwanni kuwa, abokan cinikinsa na kullum su ne waɗanda ke iya zuwa bayan an tashi aiki. Ranar Talata da daddare ba attajirin Dubai ne zai zauna gaban inji a Ferry Point ba. Tsohuwa ce da kuɗin fanshonta, da direban da ya sauke fasinja a ƙofa ya ce bari ya leƙa. Dalar da ya bari a can, da a shagon aski za ta ƙare, ko wurin mai tuwo da waake, ko kantin kayan Afirka, ko a tura wa tsohuwa a gida. Kuɗin unguwa ne ya sauya hanya, kuma kaso mai tsoka daga cikinsa ya bar unguwar ke nan har abada. Filin da ake maganar ma, filin wasan golf ne da a da yake hannun kamfanin Donald Trump, kuma yarjejeniyar da aka yi ta tanadi cewa in Bally's ya samu lasisi zai ƙara biyan kamfanin Trump dala miliyan 115. Wannan kuɗi ba a Bronx zai kwana ba.

Ƙasashen da suka fi kowa sanin sirrin wannan sana'a ku dubi yadda suke yi da nasu mutanen. Monako, mai shahararren gidan cacar Monte Carlo, ta hana 'yan ƙasarta yin caca a cikinsa. Singafo ta buɗe manyan gidajen caca biyu a 2010, baƙo ya shiga kyauta, amma ɗan ƙasa sai ya biya kuɗin shiga, dalar Singafo 100 a lokacin, aka ƙara zuwa 150 a 2019. Suna son kuɗin baƙo, suna kare nasu. Mu a nan ba wanda ya yi maganar kare mu da irin wannan shinge.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Atlantic City ba nisa gare ta ba, da yawanku kun kai fasinja can. A 1976 mutanen jihar New Jersey suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da caca a garin, da alkawarin za ta farfaɗo da shi. Gidan farko ya buɗe a 1978. An samu ayyuka, dubbai kuwa, ba a musu. Sai dai gidajen an gina su ne yadda wanda ya shiga ba zai so fita ba: abinci a ciki, wurin kwana a ciki, babu agogo a bango, babu tagar da za ka ga rana ta faɗi. Ƙananan gidajen abinci na cikin gari suka yi ta rufewa, shagunan jingina masu sayen zinare suka yawaita a titin da ke bayan gidajen cacar. Da jihohin maƙwabta irin su Pennsylvania suka buɗe nasu, sai kasuwa ta rabu. A shekarar 2014 kaɗai gidaje huɗu suka rufe, mutum wajen 8,000 suka rasa aiki. Ɗaya daga cikinsu, Revel, an kashe dala biliyan 2.4 wajen gina shi, ya buɗe a 2012, bai wuce shekara biyu da 'yan watanni ba ya rufe. A 2016 sai da gwamnatin jiha ta karɓe ragamar kuɗin garin saboda ya kusa durƙushewa. Bayan shekara arba'in da wani abu ana caca, Atlantic City na nan cikin garuruwan da talauci ya fi yi wa katutu a New Jersey. Duk wanda ya taɓa barin bakin teku ya shiga layi biyu zuwa uku cikin garin ya gani da idonsa.

A jiharmu ma an gwada. Bayan gyaran tsarin mulkin jiha na 2013 an ba gidaje huɗu lasisi a arewacin New York, kuma kuɗin da suka samu a shekarun farko bai kai abin da suka yi hasashe ba lokacin da suke neman lasisin. Hasashen mai neman lasisi romon baka ne, shi ya biya wanda ya rubuta masa. Batun "kuɗin makarantu" da ake cewa harajin caca zai kawo kuwa, ku tambayi mutanen Maryland. An ce musu harajin caca na ilimi ne, sai ya zamana ana zuba shi ta nan ana janye kuɗin da aka saba bayarwa ta can, har sai da suka sake kaɗa ƙuri'a a 2018 don tilasta ya zama ƙari a kan kasafin makarantu.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai game da yadda aka yi rabon nan. An nemi gina gidajen caca uku a Manhattan, har da ɗaya a Times Square. A watan Satumba na 2025 kwamitocin unguwannin suka yi watsi da dukkansu. Masu gidajen wasan kwaikwayo na Broadway sun tashi tsaye sun ce ba sa so. Na Bronx da na Queens suka wuce. A Bronx ma kansilar yankin ta lokacin ta ƙi, majalisar birni ta ƙi sauya dokar filin, magajin gari na lokacin, Eric Adams, ya hau kujerar na-ƙi ya soke matakin majalisar. Bronx ita ce gundumar da ta fi kowace talauci a jihar New York. Masu hali sun duba sun ce a kai kasuwa, mu kuma ana ce mana mu yi murna. In alheri ne zalla, me ya sa waɗanda suka fi mu sanin kuɗi suka ture shi?

Sannan akwai asarar da ba ta shiga takardar lissafin kowa. Wani kwamiti da gwamnatin tarayyar Amurka ta kafa ya fitar da rahoto a 1999, inda binciken da aka yi masa ya nuna cewa zama cikin mil 50 daga gidan caca na tafiya da ninkuwar yawan masu matsalar caca. Mu ba mil 50 ake magana ba, tafiyar bas ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan tun 2013 suka sa jarabar caca a sahu ɗaya da ta giya da ƙwaya. Amma mashayi ana jin warinsa, ana ganin tangaɗinsa. Ɗan caca yana sahun gaba a masallaci da farar riga, ba wanda ya sani, sai ranar da aka zo kwasar adashi aka tarar ya cinye zubin mutane, ko mai gida ya liƙa takardar kotu a ƙofa, ko matarsa ta nemi sarƙarta ta aure ta rasa. Na ga magidancin da ya yi shekaru yana tara kuɗin gini a gida, ya ƙare yana ɓuya wa waɗanda suka ba shi amana. Ba mutumin banza ba ne, da ɗan abin da ya ci ranar farko aka kama shi. Kuɗin lauya, mutuwar aure, yaran da aka cire daga makarantar Islamiyya saboda an kasa biya, iyayen da aka daina aika wa na cefane, wa zai biya wannan? Ba kamfani ba, ba gwamnati ba. Mu ne za mu yi karo-karo bayan sallar Juma'a.

Allah da kansa ya yi mana wannan lissafi na riba da asara. A Suratul Baƙara, aya ta 219, da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da giya da caca, amsar ba ta musanta cewa akwai amfani ga mutane ba, sai ta ce zunubinsu ya fi amfaninsu girma. A Ma'ida kuma aka ce a nisance su, aka faɗi dalili: Shaiɗan na son jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku, ya kange ku daga ambaton Allah da salla. Wanda ya taɓa shiga sulhu tsakanin ɗan caca da masu binsa bashi ya san wannan gaba da aka ambata.

Kai da ka ce ba ruwanka tunda ba ka caca, ƙanena, duba wayarka. Tun watan Janairun 2022 aka fara cacar wasanni ta waya bisa doka a jihar nan, gwamnati na karɓar kashi 51 cikin ɗari na ribar kamfanonin, tallan FanDuel da DraftKings kuma ba ya barin mutum ya kalli ƙwallo cikin natsuwa. Na san da yawa cikin samarinmu sun riga sun fara da dala biyar a kan Arsenal ko Madrid, suna cewa ai nishaɗi ne. Wanda ya saba da wannan, ranar da katafaren gini ya buɗe a hanyarsa ta komawa gida, ba sai an yi masa dogon kira ba.

Masu tuƙi, ku ne kuka fi ba ni tsoro. Za ku samu fasinja, gaskiya ne. Za ku kuma riƙa tsayawa a ƙofar wurin da tsakar dare, a gajiye, da cinikin yini a hannu, kuna jira. Ku yanke wa kanku hukunci tun yanzu cewa ƙafarku ba za ta taka ciki ba, ko don kama ruwa, ko don shan shayi. Masu sha'awar neman aiki a can kuma, kada ku yanke shawara ku kaɗai saboda kun ga albashi. Ku zauna da malaman da kuka amince da iliminsu da tsoron Allahnsu, ku faɗa musu ainihin aikin da za ku yi, rabon karta ne ko gyaran wuta, ku ji abin da za su ce.

Waɗanda ke da takardar zama ɗan ƙasa, ku daina barin zaman kwamitin unguwa ga wasu. A can ake yanke abin da zai same mu, kuma da ɗan gari akan ci gari: kamfanonin nan suna zuwa da mutanen unguwa sanye da rigunansu su cika zaure. Ku je ku yi tambaya. Ayyuka nawa ne na dindindin bayan magina sun tafi? Nawa aka rubuta a yarjejeniya cewa na mazauna Bronx ne, kuma mene ne hukuncin kamfani in ya saɓa? Kaso nawa na cinikin ake sa ran zai fito daga mutanen da ke zaune kusa? Nawa aka ware don jinyar waɗanda jaraba za ta kama, kuma da wane harshe za a yi musu magana?

Wanda kuma abin ya riga ya kama, kada kunya ta kashe shi. Hukumar kula da caca ta jihar New York na da tsarin da mutum zai sa sunansa da kansa a hana shi shiga gidajen caca da manhajojin waya na tsawon shekaru ko har abada. Ya je ya yi. Ya goge manhajojin, ya miƙa katin bankinsa ga matarsa ko wani yayansa da ya yarda da shi na ɗan lokaci, ya zauna da masu binsa bashi a gaban liman a tsara yadda zai biya. Mu kuma da ya zo ya faɗa mana, mu rufa masa asiri, mu raka shi.