Mai Marsandi a layin mayar da robobi

Makon jiya wani ɗan'uwa da bai daɗe da zuwa Jamus ba ya ɗauki hoton wani dattijon Bature a ƙofar kantin Aldi, ya tura zauren WhatsApp da muke ciki tare da mutanen gida. Dattijon ya fito daga Marsandi sabuwa fil, ya rungumo manyan jakunkuna biyu cike da robobin ruwa da gwangwanaye, ya bi layi. Nan take aka hau dariya. Wani ya ce Allah ya raba mu da rowa, wani ya ce ina amfanin dukiyar da ba a ci. Maganar ta yi mini zafi, domin abin da ake wa dariyar nan shi ne darasi mafi tsada da ƙasar nan ke da shi ga ɗan kasuwa.

Dattijon kuɗinsa ya je karɓa. Tun 2003 dokar Jamus ta ɗora kuɗin ajiya a kan robobin abin sha da gwangwanaye, yanzu santi 25 kowanne. Ka biya lokacin saye, a mayar maka idan ka kawo fanko. A bakin kanti akwai na'ura mai rami, kana tura robar ɗaya bayan ɗaya, tana juya ta tana karanta tambarin jikinta, a ƙarshe ta ba ka rasit a cire maka a wajen biya. Idan ka matse robar ko takardar jikinta ta yage, na'urar na iya turo maka ita. Roba arba'in Yuro 10 ke nan. Wanda ya zuba su a shara, Yuro goma ya zubar da hannunsa, kuma a nan shi ake yi wa kallon marar hankali.

Shi kansa kantin a kan wannan tunani aka gina shi. 'Yan'uwa biyu, Karl da Theo Albrecht, suka karɓi ƙaramin shagon mahaifiyarsu a birnin Essen bayan yaƙin duniya na biyu, suka rage duk wani kashe kuɗin da mai saye ba ya amfana da shi. Kaya a cikin kwalinsu ake jera su, a yanke bakin kwalin kawai, ba a biyan wani ya tsaya yana jerawa ɗai-ɗai. Nau'in kayan kaɗan ne, saboda haka sarin kowanne yana da yawa, farashin sari ya sauka, kaya ba sa kwana a kanta. Keken zuba kaya sai ka saka tsabar Yuro ɗaya zai kwance, idan ka mayar da shi ka karɓi kuɗinka, shi ke nan an huta da ɗaukar mai tattara kekuna. Mai shago a ko'ina yake zai iya tambayar kansa: cikin kayan da na zuba, nawa ne suka yi wata uku ba su motsa ba? Jarinsa ne ke barci a wurin.

Akwai wata dabara da 'yan kasuwarsu ba sa wasa da ita, rangwamen biya da wuri. Dila zai aiko da takardar biya ta Yuro 10,000, wa'adi kwana 30, amma idan ka biya cikin kwana 10 ka cire kashi 2 cikin ɗari. Yuro 200 ke nan saboda ka gaggauta da kwana 20. Shekara tana ɗauke da irin wannan kwana ashirin sau 18, wato kamar ribar kashi 36 ce a kan kuɗin. Inda ake tuntuɓe wuri biyu ne. Wani ya cire rangwamen bayan wa'adin ya wuce, dila ya biyo shi cikon, amana ta yi rauni. Wani kuma ya kwashe asusu don ya ci rangwame, ƙarshen wata ya rasa albashin ma'aikata, ya koma cin bashin banki mai kuɗin ruwa. Sai an fara ware kuɗin albashi da haya da haraji, sannan a bi rangwame da abin da ya rage.

A cefanen gida ma haka. Doka ta tilasta kantuna su rubuta farashin kilo ko lita a ƙasan farashin kaya, da ƙananan haruffa. Ƙunshi mai giram 400 a kan Yuro 1.99, kilonsa ya kama Yuro 4.98. Mai giram 750 a kan 3.99, kilonsa 5.32. Babban ya fi tsada, alhali ido na cewa shi ne araha. Inshorar mota kuwa, yawancin masu ita suna da damar sauya kamfani zuwa 30 ga Nuwamba, don haka a watan za ka ga mutane sun baje takardu suna gwada farashi. Lokacin sanyi, rage ɗumin ɗaki da digiri ɗaya yana rage kuɗin ɗumamawa da kusan kashi 6. Amma wanda ya kashe na'urar ɗumama ɗakin gaba ɗaya ya rufe tagogi, danshi zai taru, fumfuna ta ci bango, kuɗin gyara ya haɗiye abin da ya tara. Shi ya sa suke buɗe tagogi warwar na minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a rana, su rufe.

Ban ce komai nasu daidai ba ne. Tsimin da ya hana gyara asara ce mai jiran rana. A watan Satumba na 2024 wani ɓangare na gadar Carola ya rufta cikin kogin Elbe a Dresden, kuma su da kansu suna ta muhawara a kan shekarun da aka yi ana jinkirta gyaran gadoji da layin dogo. Sannan har yau zuciyata ba ta saba da ganin abokai sun ci abinci tare, ma'aikacin wurin ya zo kowa ya biya nasa ba. Wannan kam namu ya fi.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'yan'uwa. Abin da ke cinye mana jari kunyar lissafi ce. Muna ganin tambayar canji ƙasƙanci ne, rubuta abin da aka kashe kuma rashin yarda ne. Mu da ke waje mun fi kowa ɗanɗana wannan. Mutum zai tashi da asuba cikin ƙanƙara ya tafi aiki, ya mayar da robobi, ya sayi kayan da aka manna wa ragin kashi 30 saboda wa'adinsu ya kusa, ya haɗa ya turo a buɗe sana'a. Bayan wata shida ya ce a turo masa littafin shiga da fita, sai a ce ai ya zama Bature, zama cikinsu ya busar masa da zuciya. Wallahi ba zargi ba ne. Shafi ɗaya ake nema mai layi huɗu: abin da aka saro, abin da aka sayar, abin da aka bayar bashi, da abin da aka ɗiba don gida. Na huɗun nan shi ne ba a son rubutawa, kuma ta nan shago ke zurarewa ba a sani ba. Da yawa cikin waɗanda suka yi dariya a zauren nan, kuɗin da ya shiga wayarsu a watan jiya daga irin wannan layin ya fito.